Satar 'Yan Aiki A Gidajen Masu Hali: Hukuncinta Da Maganinta

  

Cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai guda biyu waɗanda ya kamata a amsa su tare, domin kuwa matsala ɗaya ce aka hango ta ta kusurwa biyu. Ta farko ta wani ɗan kasuwar hatsi ce, mutumin Tafoki ta Ƙaramar Hukumar Faskari, wanda rashin zaman lafiya ya sa ya kwashe iyalinsa ya koma birnin Katsina, ya sayi gida a ɗaya daga cikin unguwannin nan da ake kewayewa da katanga, a bar musu ƙofa ɗaya da masu gadi dare da rana. Ya ce sarƙar zinariya ta maiɗakinsa ta ɓace tare da waɗansu kuɗi, alhali ba a fasa ƙofa ba, ba a haura katanga ba, zatonsu kuwa ya tsaya kan yarinyar da ke yi musu wanke-wanke da shara. Yana tambaya ko haddin sata ya hau kanta, ko ya halatta ya riƙe ladanta, ko kuwa ya sa a matsa mata har ta faɗi gaskiya. Ta biyu kuwa an rubuto ta ne a madadin wani manomi na wannan yanki, wanda aka mayar masa da 'yarsa daga wani birni da sunan ɓarauniya, ba shaida, ba ladan aikinta na watanni, ga kuma shatar bulala a bayanta. Shi tambayarsa ita ce: ina hakkinsa yake a Shari'a?

Kafin a shiga hukunci, ya kamata a san mafarin abin. Mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba sa bukatar a ba su labarin abin da ya same su. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga suka auka wa Kadisau suka kashe mutane da dama. Daren 11 ga Disamba na wannan shekara suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe yara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Satumba na 2021 hukuma ta toshe layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, saboda masu kai wa ɓarayin daji rahoto daga cikin gari. Wannan fitina ta kori mutane iri biyu daga ƙauyuka. Mai hali ya gudu Funtuwa ko Katsina ko Kaduna ko Kano ko Abuja, ya gina katanga mai tsawo, ya ɗora mata waya mai ƙaya, ya kafa kyamara a bakin ƙofa. Talaka kuwa, da gonarsa ta gagare shi zuwa, sai ya miƙa 'ya'yansa ga mai kai yara aikatau birni. Ga shi nan sun sake haɗuwa a bayan katanga ɗaya, wannan ubangida, wannan ɗan aiki, kowa da tsoron ɗan'uwansa a zuci.

Ba kuma za mu ce tsoron mai gida na banza ba ne. A ƙarshen Oktoba na 2018, a wata unguwar attajirai mai tsananin tsaro da ke Ikoyi ta Legas, wani kuku ya kashe ubangidansa 'yan kwanaki kaɗan da ɗaukarsa aiki, kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2019. Masu gadin ƙofar unguwar ba su tsare kome ba a wannan rana, domin mai gidan da kansa ya shigo da mutumin. Hausawa sun riga sun faɗa: da ɗan gari akan ci gari.

To, menene hukuncin? Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci haddin ɓarawo da ɓarauniya a Suratul Ma'ida, aya ta 38. Amma malaman fiƙihu sun bayyana cewa ba kowane ɗaukar kayan wani ne ke wajabta wannan haddi ba, sai sharuɗɗa sun cika. Dole mai ɗaukar ya zama baligi mai hankali. Dole abin ya kai nisabi, watau rubu'in dinari na zinariya ko dirhami 3 na azurfa, ko abin da kimarsa ta kai haka; rubu'in dinari kuwa ya ɗara giram ɗaya na zinariya da kaɗan. Dole ya ɗauke shi a ɓoye, ya fitar da shi daga ma'adanarsa, abin da malamai ke kira hirzi, wato wurin da bisa al'ada ake killace irin wannan kaya a hana mutane isa gare shi. Sa'an nan dole abin ya tabbata a gaban alƙali, da shaidar adilai biyu ko da iƙirarin mai laifin bisa son ransa.

A kan sharaɗin hirzi ne maganar ɗan aiki ta bambanta da ta ɓarawon waje. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa ɗan ƙodago da mai yi wa mutane hidima yana zaune tare da su, in ya ɗauke musu kaya ba a yanke hannunsa, saboda matsayinsa na maha'inci ne, watau wanda aka amince masa ya ci amana. Haka kuma Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta kawo cewa wanda ya ɗauki abu a wurin da aka yi masa izinin shiga ba a yi masa haddi. Akwai hadisi a kan haka wanda Tirmizi da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito. Har ila yau Muwaɗɗa ta kawo labarin wani mutum da ya zo wa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da yaron gidansa, yana neman a yanke hannunsa don ya ɗauki madubin matarsa mai kimar dirhami 60. Umar ya ce a sake shi, babu yanke hannu a kansa, tun da mai hidimarsu ne ya ɗauki kayansu.

Kada wani ɗan aiki ya ji wannan ya ɗauka an ba shi lasisi. Faɗuwar haddi ba faɗuwar zunubi ba ce. Cin amana yana daga alamomin munafuki guda uku da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa, kuma Suratun Nisa'i aya ta 58 ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita. Wanda aka tabbatar ya ci amana wajibi ne ya mayar da kayan ko kimarsu, alƙali kuma yana da ikon yi masa ta'aziri, watau horo gwargwadon abin da ya ga zai tsawatar. Dokar Final Kod da aka fara aiki da ita a Arewa a 1960 ma ta ware wa satar bara ko akawu daga dukiyar ubangidansa sashe na musamman, da ɗaurin da zai iya kai shekara 7. Kuma ko ya tsere wa alƙalin duniya, akwai ranar da ba a biya da naira, sai da kyawawan ayyuka.

Amma ku duba hikimar da ke cikin wannan rarrabewa. Da Shari'a ta ɗauke haddi daga wuyan ɗan aiki, sai ta mayar da wani kaso na nauyin a kan mai gida, domin shi ya zaɓo mutumin, shi ya buɗe masa ƙofa, shi kuma ya bar kayan inda hannu zai kai. Wannan ya fito sarari a wani hukuncin na Sayyidina Umar da ke cikin Muwaɗɗa. Bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka soke ta. Da farko Umar ya yi umarni a yanke hannuwansu, daga baya ya janye, ya fuskanci ubangidansu ya ce yana ganin da yunwa yake barinsu. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce ko a dirhami 400 ba ya sayarwa, sai Umar ya sa ubangidan bayin ya biya 800. Imamu Malik ya ce ba a aiki da ninka kima a Madina, kimar abin kaɗai ake biya, amma darasin yana nan daram: Halifa ya binciki cikin ɓarawon kafin ya binciki hannunsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Saboda haka amsarmu ga ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ita ce, haddi bai hau kan wannan yarinya ba ko da ta tabbata ita ta ɗauka, balle ga shi ba ta tabbata ba. In ma ba ta balaga ba, to, alƙalami bai hau kanta ba tukuna, iyakar abin da za a nema shi ne mayar da kaya. Ƙa'idar shari'a sananniya ce: kawo shaida yana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Suratul Hujurati aya ta 12 ta gargaɗe mu game da yawan zato. Kafin a nuna 'yar aiki da yatsa, a tambayi kai su wa ke shiga wannan ɗaki. Sau nawa aka kori yarinya da kuka, bayan wata biyu aka gane ɗan masu gida ne da ya faɗa shaye-shaye ya kai sarƙar kasuwa, ko wata 'yar'uwa ce da ta zo barka, ko kuwa uwargida ce ta sauya wa abin wuri ta manta? Ana saurin tuhumar ɗan aiki ne don shi ne ba shi da mai tsaya masa.

Riƙe lada bisa zato haramun ne. Ladan aikin da aka riga aka yi bashi ne tabbatacce a wuyan mai gida, satar kuwa da'awa ce da ba ta tabbata ba, ba a kuwa biyan tabbas da shakka. Buhari ya ruwaito cewa mutum uku Allah da kansa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya ƙoshi da aikinsa, ya hana shi ladansa. Wane attajiri ne yake da lauyan da zai tsaya masa a wannan zama?

Duka kuwa, da ɗaurewa a ɗaki, da hana abinci, da sa maigadi ko 'yan sintiri su yi wa yaro jina-jina don ya amsa, duk zalunci ne, kuma iƙirarin da aka tatsa da azaba ba a gina hukunci a kansa bisa mashahurin zance na mazhabarmu. Wanda ake duka zai amsa ko satar da aka yi kafin a haife shi. Horo aikin hukuma ne bayan bincike, mai kaya ba ya zama alƙalin kansa. Haka nan zuwa wurin boka ko mai duba don ya faɗi ɓarawo: Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Ga hasarar sarƙa, ga hasarar salla, ga kuma alhakin wanda bokan zai laƙa wa laifi. Hanyar da ta dace ita ce a kai magana gaban hukuma ko kotu. In babu shaida a nemi rantsuwa a gaban alƙali. In zuciya ba ta kwanta ba a biya yarinya hakkinta cif, a mayar da ita hannun iyayenta cikin mutunci, ba tare da an bi ta da suna ba.

Amsarmu ga manomi kuwa, hakkinsa uku ne: ladan 'yarsa na watannin da ta yi, da bin kadin dukan da aka yi mata, da wanke sunanta, domin yarinyar da aka kira ɓarauniya a ƙauye har maganar aurenta sai abin ya taɓa. Ya fara da mai unguwa da dagaci su nemi sulhu, in ya gagara ya kai ƙara kotu. Amma shi ma akwai tambaya a kansa. Shekarunta nawa ya ba da ita? Ya san gidan da aka kai ta? Wa ke karɓar kuɗin? Da yawa daga cikin yaran nan wata dillaliya ce ke kwaso su, ita ke karɓar ladan a ƙarshen wata, ta cire nata, ta aika wa iyaye saura, yarinyar kuwa ko kuɗin sabulu ba ta gani. Iyaye da masu gida su sani cewa dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke zartarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma akwai ɗauri a kai. 'Ya'ya kiwo ne aka ba mu, kowane makiyayi kuwa abin tambaya ne.

Yanzu sai maganin abin, tun da rigakafi ya fi magani. Iyayenmu sun zauna da barori a gidajensu shekara da shekaru, ba kyamara, ba waya mai ƙaya. Ba wai mutanen da mala'iku ba ne, tsarinsu ne ya fi namu. Bara ba ya shiga gida sai an san ubansa da garinsu da wanda ya kawo shi. Yana ci daga tukunyar gidan, ana yi masa ɗinkin salla, in ya isa aure ubangida ya yi masa, in ya nuna hankali a ba shi jari ya zama ɗan kasuwa shi ma. Mutumin da ke hangen jari a gaba ba ya sayar da wannan bege a kan zobe ɗaya. Ginin gidan kansa ma tsaro ne: baƙo iyakarsa zaure, na kusa ya kai shigifa, cikin gida na mata ne, turaka kuwa ta mai gida ce. Yau mun ɗaga katangar waje ta fi ta gidan yari, sa'an nan muka rushe iyakokin ciki, yaron da aka kawo jiya yau shi ke share ɗakin barci, ga makulli a kan tebur.

Abu na farko, a san wanda za a ɗauka. Suratul Ƙasasi aya ta 26, a cikin labarin Annabi Musa, ta nuna siffa biyu da ake nema ga ma'aikaci, ƙarfi da amana. Amana ba a gane ta a fuska. A san iyayensa, a san mai unguwarsu, a sami wanda zai tsaya masa, in baligi ne a ga katinsa na ɗan ƙasa, a kuma rubuta yarjejeniya: ga aikin, ga ladan, ga ranar biya, ga ranar zuwa ganin gida. Wannan rubutu yana kare ɓangarorin biyu.

Na biyu, a biya hakki a kan kari, kuma ya zama hakkin da zai riƙe mutum. A watan Yuli na 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau ba ta shiga gidajenmu. Inda dokar ƙasa ta tsaya a bakin ƙofa, tsoron Allah ne ya kamata ya shiga. Hadisin Abu Zarri da ke cikin Buhari da Muslim ya kira masu yi mana hidima 'yan'uwanmu, ya yi umarni a ciyar da su daga abin da muke ci, a tufatar da su daga abin da muke sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah hidima shekara 10 bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba. Yarinyar da ke soya kaji ta ci ƙanzo, tana wanke leshi tana sanye da tsumma, an jarrabe ta da abin da manya ma ba kowa ke tsallakewa ba.

Na uku, a killace dukiya. Kulle akwati ba munana zato ba ne, taimakon ɗan'uwa ne a kan Shaiɗan. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah game da raƙuminsa an umarce shi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah. Zinariya ta zauna a ma'adana mai makulli, kuɗi masu yawa su kwana a banki, a daina ƙirga su a gaban yara, a daina shelar cinikin buhu nawa aka sayar a Dandume ko shanu nawa a Sheme ta waya a tsakar gida. A wannan zamani da masu satar mutane ke neman mai ba su labari, kalmar da ta fita daga bakin mai gida ta fi sarƙar wuyan matarsa tsada. Suratun Nur aya ta 58 ta sanya wa masu hidima da yara lokuta uku na neman izini: kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula, da bayan sallar lisha. Gidan da ya kiyaye wannan ladabi ya san wanda ya shiga ɗaki da lokacin da ya shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Ɗan aiki ba ya cin zinariya, ba ya cin wayar hannu, kasuwa yake kai su. Duk wanda yaro ya kawo masa sarƙa ko waya a rubu'in kuɗinta ya saya bai tambaya ba, ya san abin da ya saya, kuma ya yi tarayya cikin zunubin. A Shari'a sata ba ta fitar da kaya daga mulkin mai su, in ya gan su a hannunka ya kawo shaida zai karɓe abinsa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka. Da masu saye za su rufe wannan ƙofa, da an rage satar gidaje ba tare da an ƙara bulo ko ɗaya a katanga ba.

Na ƙarshe kuwa naku ne, ya ma'aikatan gwamnati. Hukuncin da muka bayyana na wanda aka amince masa ya ci amana bai tsaya kan mai wanke-wanke ba. Akawu da ma'aji da mai lura da sito da babban sakatare duk 'yan aiki ne a gidan jama'a, an ba su makulli an ce su tsare. Wanda ya gina gidansa da kuɗin maganin asibiti ko na gyaran makaranta, sa'an nan ya sa aka zane yarinya a kan naira dubu biyar, ya tuna cewa suna ɗaya fiƙihu ya ba su, shi da ita, sai dai nata laifin mutum ɗaya zai yafe, nasa kuwa sai ya bi jama'ar jiha ɗaya bayan ɗaya. Direba da maigadi da kuku suna gani, sun san albashin maigida, sun kuma san abin da ke shigowa gidan. Mai gida shi ne limamin gidansa a wannan babi, yadda ya yi da amanar da ke hannunsa haka na ƙasa da shi za su koya.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya tsare mu daga zaluntar na ƙasa da mu, ya mayar da zaman lafiya a Tafoki da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da sauran ƙasarmu, har manomi ya koma gonarsa, 'ya'yansa su koma makaranta. Allah shi ne mafi sani. A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba hukuncin ajiya da jingina, da abin da ke kan wanda kayan amana suka salwanta a hannunsa.